RA'AYI: Hangen Dala ba shiga birni ba ne: yadda ya kamata ma'aikatu su zaɓi manhajar nuna gini nan take

Duk wanda ya daɗe yana aiki a sakatariyar tarayya ya san irin tafiyar da hoton gini ke yi kafin ginin kansa ya tsiro. Tun ba a haƙa rami ko ɗaya ba, hoton ya riga ya shiga fayil, ya hau allon majigi a ɗakin taro, ya bi takardar neman amincewa har teburin babban sakatare, daga ƙarshe a buga shi a ƙaton allo a bakin fili ranar aza harsashi. Akasarin masu sa hannu a waɗannan matakai ba su karanci zanen gini ba. Cikinsu akwai jami'an mulki da akantoci da lauyoyi, akwai kuma 'yan siyasa da hadimansu. In aka shimfiɗa musu taswirar bene mai cike da layuka da lambobi, kara ce kawai za ta sa su gyaɗa kai. In kuwa aka nuna musu ginin yana ƙyalli da hantsi, ga itatuwa ga motoci a harabarsa, nan da nan kowa zai samu abin faɗa. A zahiri hoton ake amince wa, taswirar 'yar rakiya ce.

Wannan ne ya sa bai kamata a bar zaɓen manhajar da ke fitar da irin wannan hoto a matsayin ƙaramar magana tsakanin matasan ofishin zane da ɗan kwangilar da ke kawo kwamfutoci ba. Abin da ido ya gani a ɗakin taro shi ne ke komawa biliyoyin naira a kasafin kuɗi. Ra'ayina shi ne, duk ma'aikatar gwamnati ko hukumar da za ta ɗauki irin wannan manhaja ta fara auna ta da amanarta ga ainihin zanen da za a gina, sa'an nan ta duba ko aljihunta zai iya riƙe ta shekara da shekaru. Kyan hoto ya tsaya a sahun baya, domin a yau kusan dukansu sun iya kwalliya.

Bari mu fara da abin da ya sauya. A da, mai zanen gini kan gama samfurin gininsa a kwamfuta, ya zaɓi kusurwa ɗaya, ya danna, ya tashi ya bar na'ura tana lissafin haske da inuwa. Hoto ɗaya kan ci sa'o'i, wani lokaci a kwana ana jira, in wuta ta ɗauke kuma a koma farko. A wannan fage ne manhajoji irin su V-Ray suka yi suna, kuma har gobe ana komawa gare su in ana son hoton ƙarshe mai tsananin kama da gaske. Sabon salon ya aro dabararsa ne daga wasannin kwamfuta, inda dole na'ura ta zana hoto talatin ko fiye a cikin daƙiƙa ɗaya don mai wasa ya ga motsi babu tsaiko. Nauyin wannan lissafi yana kan katin sarrafa hoto da ke cikin kwamfutar. Tun daga 2018, lokacin da kamfanin NVIDIA ya fito da katunan RTX masu sashe na musamman don bin sawun haske yayin da yake dukan bango da gilashi yana dawowa, tazarar da ke tsakanin hoton jira da hoton nan take ta yi ta raguwa.

Ga mai sa hannu a takarda, ma'anar wannan sauyi babba ce. Hoton jira kusurwa ɗaya yake nunawa, wadda mai zane ya zaɓa domin ta fi kyau. Manhajar nan take kuwa tana ba da damar a shiga ginin a zaga, a hau matakala, a leƙa makewayi, a tsaya inda masinja zai zauna a ga ko akwai taga. Darakta zai iya cewa a juya a nuna masa bayan ginin, inda za a ajiye janareta da tankin ruwa, kuma a nuna masa kafin shayinsa ya huce. Gani ya kori ji, matuƙar abin da ake ganin shi ne abin da ke cikin zane.

Sunaye huɗu ne suka fi yawo a wannan kasuwa. Lumion, ta wani kamfanin ƙasar Holan, ta fito tun 2010, kuma da ita matasan masu zane da dama a nan gida suka fara buɗe ido. Ƙarfinta yana wajen shimfiɗa fili da itatuwa da ruwa da haɗa bidiyo cikin sauƙi. Enscape, haifaffiyar birnin Karlsruhe na Jamus, wadda kamfaninta ya haɗe da Chaos mai V-Ray a 2022, ba ta zaman kanta. A cikin manhajar zane take zama, ko Revit ko SketchUp ko Rhino ko Archicad ko Vectorworks, tana nuna abin da ake zanawa a wata taga ta biyu. Twinmotion ta faro ne daga Faransa, kamfanin Epic Games na Amurka ya saye ta a 2019, kuma a kan injin wasanni na Unreal take tafiya. D5 Render, daga birnin Nanjing na ƙasar Sin, ita ce autarsu. Tun asali a kan bin sawun haske aka gina ta, tana kuma da nau'in kyauta mai taƙaitaccen kaya. Bayan waɗannan akwai Unreal ɗin kansa, wanda ya fi su duka iko amma sai da ƙwararre na musamman, da kuma Blender, wadda kyauta ce ɗungurungum, sai dai ba don masu zanen gini kaɗai aka tsara ta ba, koyonta kuma yana cin lokaci.

Ma'auni na farko shi ne amana ga zane. A aikin da aka tsara yadda ya kamata, akwai samfuri guda a kwamfuta wanda ke ɗauke da kowane bango da ginshiƙi da taga da ƙofa, da girmansu da irin kayansu, kuma daga gare shi ne taswirori da ƙididdigar kaya ke fita. Matsala tana farawa ne a ranar da aka kwafi wannan samfuri aka kai shi wata manhaja dabam don a yi masa ado. Daga ranar an samu gini biyu. Na farko yana ci gaba da sauyawa: injiniya ya ƙara ginshiƙi a tsakiyar zaure, mai ƙididdiga ya sauke daɓe daga marmara zuwa tayil, kwamiti ya soke hawa ɗaya domin kuɗi bai kai ba. Na biyu yana nan yadda aka bar shi, da marmararsa da zaurensa fayau, kuma shi ne ke cikin fayil ɗin da ke gaban minista. Ba sai wani ya yi niyyar yaudara ba, mantuwar sabunta hoto kaɗai ta isa ta jawo wannan.

Manhajojin nan duka suna da hanyar ƙulla kansu da manhajar zane kai tsaye. Lumion tana da LiveSync, Twinmotion tana da Datasmith Direct Link, D5 ma tana da nata. Sai dai ƙulli hawa-hawa ne. A waɗannan ukun, siffar ginin tana bin zane, amma kayan da aka lulluɓe shi da su ana iya sauya su a ɓangaren hoto ba tare da zanen ya sani ba. Mutum na iya jawo katako mai tsada daga rumbun manhaja ya liƙa a bangon da zane ya ce fenti ne. Enscape kuwa, tunda a cikin zanen take zaune, abin da aka sauya a fayil ɗin zanen yake sauka, kuma ana iya danna bango a cikin hoton a karanta bayaninsa kamar yadda mai zane ya shigar. Ko a can mai son ƙawa zai iya wuce gona da iri, amma ƙofar da hoto ke bi ya rabu da zane ta fi ƙunci. Ga ofishin da aikinsa duba zane ne da tantance shi, wannan ya fi kyan gajimare da sheƙin ruwa daraja.

Ma'auni na biyu shi ne ko za a ga ginin a ƙarƙashin ranar Abuja. Abuja tana wajen digiri 9 arewa da layin da ya raba duniya biyu. Garin Boulder na Amurka, wanda shi ne wurin da SketchUp kan ɗauka in ba a gaya mata inda fili yake ba, yana digiri 40. A can, rana da tsaka kullum tana ta kudu, da hunturu kuma ƙasa-ƙasa take tafiya, inuwa ta yi tsawo, haske ya yi taushi. A nan, rana tana bi ta tsakar ka sau biyu a shekara, wajen tsakiyar Afrilu da ƙarshen Agusta, kuma tsakanin waɗannan lokuta biyu ta arewa take karkata. Bangon da ya fi shan wuya shi ne na yamma, daga azahar zuwa la'asar, balle a Maris da Afrilu. Wanda bai saita wuri da kwanan wata da ainihin arewa ba zai kawo hoton ginin gilashi mai sanyin gani, ma'aikata su tare su tarar da tanda, a shiga sayen labule da ƙarin na'urorin sanyaya ɗaki da man janareta har illa masha Allahu.

Saboda irin wannan ne ƙa'idar tattalin makamashi a gine-gine da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2017 ta yi magana a kan girman tagogi da yi musu inuwa. Kowace daga cikin manhajojin nan tana iya nuna tafiyar rana daidai in an ba ta wuri da lokaci, amma kowace kuma tana barin mai amfani da ita ya ja rana da hannu ya ajiye ta inda hoto zai fi kyau. Abin dubawa ke nan wajen zaɓe: wacce ce ke ɗaukar wurin daga zane da kanta, wacce ce kuma sai an tuna an saita? A kuma riƙa tunawa cewa hoto yana nuna inda inuwa za ta faɗa ne kawai. Auna zafin da zai shiga ɗaki da girman na'urar da za ta fitar da shi aikin injiniya ne, da nasa lissafin.

Rumbun kayan ado ma abin lura ne. Yawancin itatuwa da mutane da motocin da ke cikinsa na wasu ƙasashe ne: bishiyoyin ƙasashen sanyi, ciyawa kore shar wadda babu wanda ya yi kasafin ban-ruwanta, da mutane cikin manyan kwat. Ko an samu itacen da ya yi kama da darbejiya ko mangwaro, akan dasa shi a hoto yana ɗan shekara ashirin, inuwarsa ta rufe wurin ajiye motoci, alhali abin da ɗan kwangila zai kawo ɗan tsiro ne a leda. Farin bango da gilashin da ke walƙiya a allo kuwa ba su taɓa haɗuwa da ƙurar Disamba ba. Manhajar da ta dace da mu ita ce wadda ke saukaƙa shigo da namu kayan, da rage girman itace, da sa hazo a sararin sama, da kashe adon gaba ɗaya a ga ginin tsurarsa.

Ma'auni na uku kuɗi ne, kuma a nan ofisoshinmu suka fi tuntuɓe. Zamanin sayen manhaja a faifai a mallake ta ya wuce. Enscape haya ce, Lumion ta koma haya tun fitowar nau'inta na 2023, cikakkiyar D5 ma haya ce, duk da kuɗin waje. Kowa ya san abin da ya samu naira: kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Ofishin da ya yi lissafin hayarsa kafin wannan girgiza ya wayi gari kuɗin ya ninka uku ba tare da kamfanin ya ƙara ko sisi ba. Sa'an nan haya ba ta san jinkirin sakin kuɗi ba. Kwamfutar da aka saya da kuɗin manyan ayyuka tana nan a tebur ko kasafi ya makara, lasisi kuwa ranar da ya ƙare yake rufewa, ko da fayil ɗin sabuntawa yana kan hanya tsakanin sashen kuɗi da na binciken kuɗi. Duk wanda zai rubuta takardar neman ɗaukar irin wannan manhaja ya rubuta kuɗin shekara uku, ya kuma nuna layin kasafin da zai riƙa ɗaukar sabuntawa. In ma'aikatan da za su yi amfani da ita suna da yawa amma ba a lokaci guda ba, a tambayi lasisin karɓa-karɓa, wanda mutum ke saki wani ya ɗauka.

A wannan fanni Twinmotion ta girgiza kasuwa. Tun Afrilun 2024 kamfanin Epic ya mayar da ita kyauta ga ɗalibai da malamai da kamfanonin da kuɗin shigarsu bai kai dala miliyan ɗaya a shekara ba, waɗanda suka haura haka kuma ya sa musu dala 445 a kan kowane mutum ɗaya a shekara. Dala miliyan ɗaya ta wuce naira biliyan ɗaya, ke nan ƙananan kamfanonin zane na gida da yawa za su iya aiki da halastacciyar manhaja ba tare da sun biya komai ba. Haka kuma tun 2022 masu biyan hayar Revit suna samun Twinmotion a cikin kuɗinsu. Saboda haka kafin wata hukuma ta buɗe fayil ɗin sabuwar sayayya, ta fara duba abin da take biya tun tuni, kada ta sayi abin da ke cikin ɗakinta. Tunda kuma da ma'aunin kamfani aka rubuta sharaɗin kyautar, hukumar gwamnati ta nemi a fayyace mata matsayinta a rubuce kafin ta girka.

Kuɗin manhaja ma somin-taɓi ne. Kwamfutocin da aka saba rabawa a ofisoshi, na buga wasiƙa da lissafin albashi, ba su da katin da zai ɗauki wannan aiki. Cikakkiyar Lumion da D5 Render a kan Windows suke tafiya, Twinmotion da Enscape kuwa suna da nau'in Mac. Katin da ma'ajiyarsa ke da gigabait 8 zai iya da ƙaramin gini, amma sakatariya mai hawa goma da harabarta za ta nemi fiye da haka. Kati mai ƙarfi kuma mai cin wuta ne: RTX 4090 shi kaɗai yana jan wat 450, RTX 4060 kuwa wat 115. A ƙasar da aka ɗaga kuɗin wutar rukunin A zuwa naira 225 a kan kowane kilowat na awa ɗaya a Afrilun 2024, wadda kuma ofisoshinta ke rayuwa tsakanin janareta da batir, wannan bambanci yana shiga lissafi. Sau da yawa kwamfutar tafi-da-gidanka mai matsakaicin kati ta fi ƙatuwar ta tebur amfani, domin ba ta mutuwa in an ɗauke wuta, kuma ana iya ɗaukarta zuwa ɗakin taro ko bakin fili. A kuma tambayi dillali ƙarara: kwana nawa manhajar za ta yi aiki babu intanet, kuma nawa ne daga kayan rumbunta sai an sauko da su daga can?

Akwai wata gajeriyar hanya da kowa ya sani, wato manhajar sata da aka fasa mata makulli. Ko da an ajiye maganar dokar haƙƙin mallaka ta 2022 a gefe, wanda ya fasa makullin bai yi don Allah ba, kuma babu wanda ya san abin da ya cusa a ciki. Kwamfutar ofishin zane na gwamnati tana iya ɗauke da taswirar kotu ko gidan gyaran hali ko barikin jami'an tsaro, da ƙofofinsu da hanyoyin wayoyinsu. Wannan hatsari yana da ɗan'uwa ko a halastacciyar manhaja: hanya mafi sauƙi ta tura wa shugaba ginin ya zaga a wayarsa ita ce a ɗora shi a ma'ajiyar kamfanin da ke ƙasar waje, a aika masa da mahaɗi. Ga makarantar firamare babu laifi. Ga ginin da ya shafi tsaro, a zaɓi manhajar da ke iya fitar da fayil ɗin zagayawa wanda ke buɗewa a kwamfuta ba tare da intanet ba. Enscape da Twinmotion duka suna yin haka. Irin waɗannan tambayoyi ne ya kamata su fito a lokacin neman izinin hukumar NITDA, wadda ke tantance ayyukan fasahar sadarwa na hukumomin tarayya, da kuma lokacin bin matakan dokar sayayya ta 2007.

Sai maganar tsawon rai. Ayyukan gwamnati kan daɗe fiye da yadda aka tsara. Hasumiyar Millennium da hedikwatar Ɗakin Karatu na Ƙasa, dukansu a tsakiyar Abuja, a 2006 aka fara su, kuma shekaru sun yi ta wucewa ba a tare ba. Jinkirinsu ba shi da alaƙa da manhaja, amma akwai darasi a cikin lissafin shekarun. A shekarar da aka fara su, Lumion da Enscape da D5 ko haihuwarsu ba a yi ba. A cikin shekarun nan Twinmotion ta sauya ubangida, kamfanin Enscape ya shiga cikin wani, Lumion ta sauya tsarin biya. Fayil ɗin kowace daga cikinsu kuma a gidanta kawai yake buɗewa. Hukumar da ta ajiye tarihin aikinta a irin wannan fayil ta ba wani ajiyar makullin ɗakinta. Ya kamata kowace yarjejeniya da kamfanin zane ta tilasta miƙa ainihin samfurin ginin, haɗe da kwafinsa a tsarin IFC, wanda buɗaɗɗen tsari ne da manhajojin zane daban-daban ke karantawa.

Wani zai ce, ai ba a samun kuɗi da hoto maras armashi. Kwamitin majalisa da masu zuba jari mutane ne, ido ke fara ci. Wannan gaskiya ne, kuma babu aibu a nuna aiki cikin kyakkyawar shiga. A bar kamfanin da ya yi zanen ya haɗa bidiyonsa da Lumion ko D5 ko abin da hannunsa ya fi sabawa da shi. Sharaɗi ɗaya ne: kowane hoto ya ɗauki kwanan wata da lambar gyaran zanen da aka fitar da shi daga ciki, kamar yadda kowace taswira ke ɗauka. Wannan sharaɗi ya ƙara zama dole yanzu da D5 da Enscape suka shigo da kayan ƙirƙirarriyar basira masu gyara hoto bayan an fitar da shi, waɗanda ke iya ƙara ƙawar da babu mai zanen da ya zana ta, babu kuma mai ƙididdigar da ya sa mata farashi.

Wani kuma zai ce, tunda kamfanoni ne ke yin zanen, me ya kai gwamnati sayen manhaja? Amsar ita ce mai biya yana buƙatar idon kansa. Ofishin da ba zai iya buɗe samfurin da aka kawo masa ya zaga da kansa ba, abin da aka ga damar nuna masa kawai zai gani, kuma sayen kifi a ruwa ke nan. Ba a buƙatar lasisi hamsin. Kwamfuta ɗaya ko biyu masu kyau a sashen duba zane, da ma'aikata biyu ko uku da aka horar sosai, sun isa su sauya yadda taron tantance aiki ke gudana.

Saboda haka ga inda na tsaya. Sashen da aikinsa zane ne da duba zane a kullum, musamman in da Revit ko SketchUp yake aiki, Enscape ta fi dacewa da shi, matuƙar an tanadi kuɗin hayarta. Inda kuɗi ya yi ƙaranci, ko ake biyan hayar Revit tun tuni, a fara da Twinmotion, a kuma kafa dokar cewa daga zane ake sauya kaya. Lumion da D5 sun fi amfani a hannun mai shirya bidiyon gabatarwa da tsara manyan filaye, irin rukunin gidaje ko wurin shaƙatawa. Unreal kuwa a bar wa aikin da ya isa a ɗauko masa ƙwararre.

Kafin a sa hannu, a yi gwaji na mako ɗaya, tunda kamfanonin suna ba da damar gwadawa ko nau'in kyauta. Kada a yarda da samfurin da dillali ya zo da shi, domin an yi masa shiri kamar amarya. A ɗauko fayil ɗin wani aiki na ofishin, mai nauyi da tarkace, a buɗe a kwamfutar da za a yi aikin da ita. A matsar da bango a zane a ga ko hoto ya bi. A saita ƙarfe uku na yamma a watan Maris a dubi ofisoshin yamma. A cire intanet a ga abin da ya rage. A sauke tsayin ido zuwa na mai keken guragu a bi hanya daga bakin ƙofar harabar zuwa teburin karɓar baƙi, domin dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara, kuma wa'adin ya cika tun farkon 2024. Daga ƙarshe a ba ma'aikacin da bai taɓa ganin manhajar ba ya gwada, a ga kwana nawa zai yi kafin ya iya tafiyar da taro da ita.

Ku kuma hadimai da daraktocin da ke zama kusa da mai sa hannu, ba sai kun san sunan ko ɗaya daga cikin manhajojin nan ba kafin ku yi amfani da su. In an kashe fitila an kunna majigi, ku nemi a tsayar da bidiyo a buɗe samfurin a zaga. Ku tambayi lambar gyaran zanen da aka fitar da hoton daga ciki. Ku ɗauki abu ɗaya da ya fi ɗaukar ido, ko daɓe ko rufi ko gilashi, ku ce a nuna muku shi a takardar ƙididdigar kaya da farashinsa. In mai gabatarwa ya iya amsa waɗannan a tsaye, manhajarsa ta yi aikinta. In ya ce sai ya koma ofis ya duba, to a jira shi ya dawo kafin fayil ya wuce.